Rajistar kairofrakta a Birtaniya: abin da ake nema daga sabon mai digiri da wanda ya yi karatu a waje

A Birtaniya, wanda ya gama karatun kairofraktik ba shi da ikon kiran kansa kairofrakta, ko da shi ya zo na ɗaya a ajinsu, sai sunansa ya shiga rajistar hukumar General Chiropractic Council, wadda aka fi sani da GCC. Dokar da majalisar ƙasar ta yi a 1994 ce ta kafa hukumar, kuma tun 2001 sashe na 32 na dokar ya mayar da amfani da wannan suna ba tare da rajista ba laifi, wanda ake gurfanar da mutum a kotu a kansa a ci shi tara. Ko a allon ƙofar asibiti ne, ko a katin kasuwanci, ko a shafin intanet, hukuncin ɗaya ne.

Sana'ar kanta, ga wanda bai san ta ba, ita ce duba ciwon baya da wuya da gaɓoɓi da kuma magance su da hannu, ta hanyar dannawa da motsa gaɓa da tausa da koyar da motsa jiki, ba tare da fiɗa ko rubuta magani ba. D.D. Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa ta Amurka. Ta bambanta da ɗori, domin kairofrakta ba ya ɗora karaya, asibiti yake tura mai ita. Ta kuma bambanta da aikin masu gashin ƙashi na asibiti, duk da cewa marasa lafiyarsu kusan iri ɗaya ne. Tun da aiki ne na sa hannu a wuya da ƙashin bayan mutum, inda laka da manyan jijiyoyi suke, abin da hukumar ta fi damuwa da shi shi ne ko mai neman rajista ya san wanda bai kamata a taɓa ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kusan kowace takarda da za a tambaye shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta wanda ya yi karatu a makarantar da GCC ta amince da kwas ɗinta a cikin ƙasar. Daga cikinsu akwai tsohuwar kwalejin AECC da ke Bournemouth, wadda yanzu take ƙarƙashin sunan Health Sciences University, da sashen kairofraktik na Jami'ar South Wales, da kwalejin McTimoney, da Jami'ar London South Bank, da Jami'ar Teesside. Karatun yawanci shekara huɗu ne zuwa biyar, ana fita da digiri na matakin mastas, kuma shekarar ƙarshe a asibitin makaranta ake yin ta, ana duba marasa lafiya a gaban malamai. Wanda ya fito daga nan ba shi da wata jarrabawa a gaba. Takardu kawai zai haɗa.

Takardun ba su da yawa, amma su ne ke tsayar da mutane. Ana neman shaidar kammala karatu, da fasfo ko wata shaidar ko kai wane ne, da rahoton lafiya daga likitanka, da wasiƙar shaidar hali daga mutum mai matsayi a aikinsa wanda ya san ka shekara huɗu ko fiye kuma ba ɗan'uwanka ba ne, da shaidar inshorar aiki da za ta iya biyan diyya har fam miliyan 5. Sai ka bayyana duk wani hukuncin kotu ko gargaɗin 'yan sanda da ya taɓa hawa kanka, komai daɗewarsa. A nan wasu kan yi wa kansu illa. Ƙaramin laifin da aka bayyana, sau da yawa hukumar kan duba ta wuce. Wanda aka ɓoye kuma ta gano daga baya ya zama maganar rashin gaskiya wajen shiga rajista, kuma wannan kaɗai ya isa a goge suna.

Matsala ta biyu ta lokaci ce. Rahoton likita da wasiƙar shaidar hali suna da wa'adi, yawanci wata uku, bayan haka sai an sake sababbi. Wanda ya yi garaje ya karɓo su tun kafin sakamakon jarrabawarsa ya fito zai iya tarar da sun tsufa ranar da yake bukatarsu. Wanda kuma ya yi jinkiri zai zauna jiran likitansa, domin rubuta irin wannan rahoto ba ya cikin aikin gaggawa na likitocin unguwa a can, kuma sukan caji kuɗi a kai. Sabon mai digirin da ya riga ya sami wurin aiki, kada ya yarda a sa masa ranar fara ganin marasa lafiya kafin lambar rajistarsa ta fito. Kuɗin da aka daɗe ana biya shi ne fam 750 na shiga, da fam 800 na sabuntawa kowace shekara, da fam 100 ga wanda yake son sunansa ya zauna a rajista amma ba ya aiki a ƙasar.

Wanda ya yi karatu a wata ƙasa

Nan ne aikin yake. Duk wanda digirinsa ba daga makarantun da GCC ta amince da su ba ne sai ya ci jarrabawar gwajin ƙwarewa da suke kira Test of Competence, ko daga Amurka ya fito ko Ostireliya ko Afirka ta Kudu, ko da ya shekara ashirin yana aiki. Tun da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, masu digirin Faransa da Denmak da Sifen ma galibi wannan layin suke bi. Jarrabawar tana da nata kuɗin, ban da kuɗin rajista, kuma wanda ya faɗi zai sake biya.

Matakin farko shi ne a tabbatar karatunka ya yi daidai da ma'aunin karatun Birtaniya. Makarantarka ce za ta ba da cikakken bayanin darussa da awoyin da aka yi a kowanne. Ma'aunin da aka saba da shi a duniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, shi ne aƙalla awa 4,200 na karatu gaba da gaba da malami cikin shekara huɗu, daga ciki aƙalla awa 1,000 na duba marasa lafiya ƙarƙashin kulawa. Wanda ya riƙo satifiket na kwas ɗin wata shida, ko na karatun da aka yi ta intanet, ba zai wuce wannan ƙofa ba, kuma daidai ne kada ya wuce. Idan takardunka ba da Turanci aka rubuta su ba sai an fassara su fassarar da aka tabbatar, idan kuma ba da Turanci ka yi karatu ba za a nemi shaidar iya harshen.

Mataki na biyu wata doguwar takardar tambayoyi ce game da yadda kake aiki. Za ka bayyana irin marasa lafiyar da kake gani, sannan ka kawo labarin wasu daga cikinsu dalla-dalla tare da ainihin katinsu: wanda ya zo da ciwon jijiya ko tsoka ko ƙashi ka yi masa aiki, da wanda ka ga bai dace da aikinka ba ka tura shi wani wuri, da wanda ka ga wata dabara za ta cutar da shi ka canja ta. Sabon mai digiri zai iya kawo na asibitin makarantarsu. A lura da zaɓin nan da kyau. Biyu daga cikin ukun, labarin inda ka janye hannu ne.

Katin marasa lafiyar dole a goge duk abin da zai nuna ko su waye: suna, adireshi, lambar waya, ranar haihuwa, har da sunan da ke jikin hoton ƙashi da rahoton gwaji. Barin suna ɗaya a kusurwar shafi ya riga ya gaya wa masu dubawa cewa ba ka iya riƙe sirrin majinyaci ba, tun kafin su karanta abin da ka rubuta. Haka kuma kada ka sake rubuta katin don ya yi kyau. Masu duba shi kairofrakta ne da suka daɗe suna rubuta irinsa, sun san kamannin katin da aka cika a ranar aiki da wanda aka zauna aka tsara daga baya. Idan katinka na da giɓi, gara ka nuna giɓin da kanka ka faɗi yadda za ka gyara a gaba. Wannan ya fi ɗaga darajarka a wurinsu.

Sai ganawa da kwamitin mutum uku, wadda tun 2020 ake yi ta bidiyo. Ba za a ce ka danna bayan kowa ba. Tambayoyi ne, daga cikin takardunka da kuma ka'idojin aikin GCC, waɗanda aka yi amfani da bugunsu na 2016 shekaru da dama kafin sabon ya fara aiki a farkon 2026. Sakamako iri uku ne: ka ci, ko ka faɗi, ko a ce ka kawo ƙarin shaida a wani fanni da aka ga kana da rauni, misali ka yi ɗan kwas ka rubuto abin da ka koya. Wannan na ukun bai kamata ya karya wa kowa gwiwa ba, hanya ce ta ƙarasawa ba tare da an koma farko ba.

Inda ƙwararru kan yi tuntuɓe

Abin da ya fi kayar da mutane, musamman waɗanda suka daɗe a aiki, shi ne hoton ƙashi. A wasu makarantu da asibitoci na Amurka an saba ɗaukar hoton duk sabon majinyaci, a kuma maimaita bayan wasu makonni don a ga canji. A Birtaniya wannan saɓa doka ne. Dokar amfani da hasken hoto a jikin majinyaci ta 2017 ta wajabta cewa kowane hoto sai an rubuta dalilinsa na lafiya, an auna amfaninsa da illarsa ga wannan mutum shi kaɗai, an kuma tambayi mace ko tana da juna biyu. Dokar ta raba nauyi tsakanin mai neman a ɗauki hoton, da mai amincewa da dalilin, da mai ɗauka, da mai wurin aikin. A ƙaramin asibiti mutum ɗaya kan riƙe duka, don haka kwamitin zai so ya ji ka rarrabe su da bakinka. Wanda ya ce shi dai haka ya saba, ya gama faɗuwa.

Na biyu shi ne alamomin haɗari. Za a kawo maka misalin mutum mai ciwon baya da ke sauka ƙafafu biyu, yana jin gabansa da duburarsa sun yi sanyi kamar ba nasa ba, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba. Wannan alamar matsewar jijiyoyin ƙarshen laka ce, kuma amsarta guda ce: sashen gaggawa na asibiti a wannan rana, da takarda a hannunsa, domin jinkirin awoyi zai iya barin shi da lalurar fitsari da bayan gida har ƙarshen rayuwarsa. Haka mai sabon ciwon wuya da ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba, tare da jiri ko ganin abu bibbiyu ko harshe ya yi nauyi, wanda zai iya zama tsagewar jijiyar jinin wuya da ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Haka tsohuwa mai zaizayar ƙashi, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da wanda ya taɓa yin ciwon daji yanzu kuma bayansa na hana shi barci da dare yana ramewa. Ba a son ka jero su kamar haddar makaranta. Ana son a gani a katinka cewa ka tambaya, ka rubuta amsar ko da "babu" ce, ka kuma san wa za ka kira a tsarin lafiyar ƙasar: yaushe wasiƙa ga likitan unguwa ta isa, yaushe sai motar asibiti.

Akwai dalilin da ya sa aka tsaurara a nan. A 2017 wani dattijo ɗan shekara 80 ya rasu bayan wuyansa ya karye a lokacin da ake yi masa aikin kairofraktik a birnin York, kuma binciken kotu na 2019 ya nuna jijiyoyin da ke riƙe ƙashin wuyansa sun riga sun sandare sun zama kamar ƙashi. Mai binciken ya nemi GCC ta duba batun wajabta horon taimakon gaggawa da batun hoto kafin aiki. Daga nan hukumar ta sa kowane mai rajista ya yi bayanin ƙwarewarsa a taimakon gaggawa. Duk mai shirin ganawar nan ya je da satifiket ɗinsa na taimakon gaggawa wanda bai tsufa ba, ya kuma san cewa wanda ake zargin wuyansa ya karye ba a ɗaga shi daga inda yake.

Na uku yardar majinyaci. Sa hannu a fom a teburin karɓar baƙi bai wadatar ba. Ana so ka gaya wa mutum abin da ka gano, da abin da za ka yi masa, da illar da kan biyo baya kamar tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, da haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba amma babba ne, da sauran hanyoyin da zai iya bi har da barin abin ba magani. Idan za a cire riga sai an faɗi dalili, an ba da rigar asibiti, an kuma ba shi zaɓin wani ya zauna a ɗakin. Wannan, a ganina, abu ne da ya kamata kowane mai taɓa jikin mutane ya riƙe ko babu dokar da ta tilasta masa. Kati kuma ana ajiye shi shekara 8 daga zuwan mutum na ƙarshe, na yaro har ya cika shekara 25.

Na huɗu talla da laƙabi. Kairofrakta a Birtaniya ba ya rubuta magani, kuma idan ya sa "Dakta" a gaban sunansa dole ya fayyace cewa shi ba likitan asibiti ba ne. Ba zai yi tallar cewa yana warkar da asma ko hawan jini ko kukan jarirai ba, domin hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar hujjar bincike take nema a kan kowace da'awa. Kafin ka miƙa takardunka, koma ka karanta shafinka na intanet da na Facebook da idon mai bincike.

Bayan an shiga rajista, kowace shekara sai an yi awa 30 na ƙarin ilimi, aƙalla 15 daga ciki tare da wasu, kamar taron bita ko tattaunawa da abokan aiki. Shekarar lissafin tana farawa 1 ga Satumba ta ƙare 31 ga Agusta. Sababbi da yawa kan shiga shirin horon shekarar farko na Royal College of Chiropractors, inda ake haɗa su da wani gogagge yana duba su. Wanda ya yi sakaci da sabuntawa a ƙarshen shekara sunansa zai fita, kuma daga ranar inshorarsa ma tana cikin matsala. A kuma sani rajista ba bizar aiki ba ce, wannan ofishi daban ne da nasa sharuɗɗan.

Rajistar Birtaniya a Birtaniya ta tsaya. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisi, bayan an ci jarrabawa mai kashi huɗu ta NBCE, hukumar shirya wa kairofrakta jarrabawa ta ƙasar, daga ilimin sassan jiki har zuwa gwajin aiki a aikace, kuma jihohi da yawa na ƙara jarrabawar dokokinsu. A Ostireliya hukumar kairofraktik ta ƙasa ce ke yin rajista ƙarƙashin Ahpra, hukumar kula da rajistar ma'aikatan lafiya, majalisar tantance karatun kairofraktik ta CCEA kuma ita ke gwada masu digirin waje, sai dai mai rajistar Niyu Zilan yana da hanya ta kai tsaye saboda yarjejeniyar ƙasashen biyu. A Afirka ta Kudu majalisar sana'o'in lafiya ta AHPCSA ce ke yin rajista, bisa dokar 1982, kuma can ne ake da makarantu biyu da aka sani a nahiyarmu: Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Johannesburg. Duk inda za ka koma, za a nemi wasiƙar kyakkyawan matsayi daga kowace hukumar da ta taɓa yi maka rajista, kuma an fi so ta fito daga hukuma zuwa hukuma ba ta hannunka ba. Saboda haka kada ka bar wata ƙasa da bashin kuɗin sabuntawa ko ƙarar da ba a rufe ba.

Ga ɗan Najeriya da ya yi wannan karatu yake son dawowa gida, hukumar da zai nufa ita ce Medical Rehabilitation Therapists Board, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988. Ita ce ke rajistar masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da ji, kuma kairofraktik na cikin sana'o'in da ke ƙarƙashinta, da lasisin da ake sabuntawa shekara-shekara. Digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi, wanda kuma ya gama kafin ya kai shekara 30 hidimar ƙasa na jiransa. Ya kuma dawo da sanin cewa jerin alamomin haɗarin da ya haddace a Bournemouth ko Davenport yana bukatar ƙari a Kano da Sakkwato. Tarin tibi da ke cin ƙashin baya, wanda ba kasafai zai gani a can ba, a nan yana iya shigo masa a matsayin ciwon bayan da ya daɗe, da zazzaɓin dare da gumi da rama, kuma danna irin wannan baya zai iya gurgunta mutum. Matashi mai sikila da ke ɗingishi yana kukan ciwon ƙugu ko cinya, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa saboda rashin isar jini, wanda hoto da likitan ƙashi yake bukata.

Shi kuwa wanda bai fara karatun ba tukuna, kafin ya biya kuɗin makaranta ko na naira ɗaya ya rubuta wa hukumar rajistar ƙasar da yake son yin aiki a ciki, ya ambaci sunan makarantar da sunan digirin kamar yadda zai fito a satifiket, ya tambaya ko suna karɓa da kuma ta wace hanya. Ya duba ko ɗaya daga cikin majalisun tantance karatun kairofraktik, ta Amurka ko ta Turai ko ta Ostireliya ko ta Kanada, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan reshen makarantar, domin amincewar kwas ake ba wa ba jami'a gaba ɗaya ba, kuma tana da wa'adi. Amsar da hukumar ta aiko a rubuce, ya ajiye ta tare da takardunsa har ranar da zai nemi rajista.